Haihuwa Ta Mutum Biyu Ce: Nasiha Kan Lafiyar Maniyyin Maigida

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam daga ɗigon ruwa, Ya sanya aure ya zama ƙofar zuri'a. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Ya ke 'yar'uwa, maganar da zan yi miki a wannan fitowa tana da nauyi a baki, irin wadda muka saba lulluɓewa. Sai dai lulluɓewar tana cin gidaje. Ki duba nan Unguwar Rogo, ki leƙa Mabera da Gidan Igwai da Runjin Sambo, ba za ki rasa gidan da ake zaman jiran haihuwa ba. Kin kuma san yadda abin yake tafiya. Shekara ɗaya shiru, biyu shiru, sai uwar miji ta soma tambaya, dangi su soma habaici a gidan suna. Matar ce za ta sha saiwa, ta sha rubutu, ta yi turare, ta yi sammakon bin layin asibiti. Maigida kuwa yana gefe, ba wanda ya ce masa ya je a duba shi. In abin ya daɗe a yi mata kishiya, ita ma ta zo ta yi shiru, a saki wannan a kawo waccan. Wata daga cikin waɗanda aka saka ta yi aure a wani gida, kafin shekara ta zagayo ga ta da goyo. A nan ne kowa zai kama bakinsa, amma an riga an cuci baiwar Allah.

Abin da Alƙur'ani da Sunna suka nuna

A Suratush Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah (SWT) Ya kasa bayinSa gida huɗu a sha'anin haihuwa: wanda Yake ba 'ya'ya mata, wanda Yake ba maza, wanda Yake haɗa wa duka biyu, da wanda Yake bari ba haihuwa. Ki lura da kyau, ayar ba ta ware mace ba. Kalmar Larabcin da ta zo a wurin, wato aƙim, ana faɗinta ga namiji kamar yadda ake faɗinta ga mace. A Suratul Insan kuma, aya ta 2, Ya sanar da mu cewa daga gaurayayyen ɗigon ruwa aka yi mutum, malaman tafsiri suka ce ruwan namiji ne da na mace. To, abin da ake haɗawa daga wuri biyu, in ya ƙi haɗuwa, da wane adalci za a tuhumi ɓangare guda?

Dubi ladabin Annabi Zakariyya (AS) a farkon Suratu Maryam. Da zai kai kukansa ga Ubangiji, da raunin kansa ya fara, ƙashinsa da ya yi rauni da furfurar da ta game masa kai, sannan ya ambaci halin matarsa. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya ji labarin wani mutum da ba ya haihuwa ya yi aure, sai ya tambaye shi ko ya sanar da matar. Da mutumin ya ce a'a, sai ya umurce shi ya je ya faɗa mata, ya kuma ba ta zaɓi. Kin ga tun zamanin sahabbai an san akwai namijin da ba ya haihuwa, an kuma san mace tana da haƙƙi a kan zuri'a. Saboda wannan haƙƙin ne malamanmu na Malikiyya suka ce miji ba zai zubar da maniyyinsa a waje ba sai da yardar matarsa.

Kar ki ce tambaya a kan irin wannan rashin kunya ce. Nana A'isha (RA) ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, Ummu Sulaim (RA) kuwa da bakinta ta tambayi Annabi (SAW) hukuncin mafarkin mace. A garin nan namu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta tura jajis ƙauyuka su karantar da mata abin da ya shafi rayuwarsu. Mu jikokin 'Yan Taru bai kamata jahilci ya ci mu a cikin ɗakunanmu ba.

Abin da likitoci suka tabbatar

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kusan mutum 1 cikin kowane baligai 6 yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma babu wani babban bambanci tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. A wurin likitoci, ana cewa akwai matsala ne in ma'aurata sun yi wata 12 suna saduwa a kai a kai, ba tare da tsarin iyali ba, ciki bai shiga ba. In aka bincika irin waɗannan gidaje, a kusan rabinsu ana samun namiji yana da hannu a matsalar, a kashi 20 zuwa 30 cikin 100 kuwa daga gare shi kaɗai take.

Akwai kuskure uku da suke hana mu gane wannan. Na farko, ana ɗauka kuzari shi ne haihuwa. Ba haka ba ne. Ƙwayoyin da ke sa ciki ɗan kaɗan ne a cikin ruwan da ake gani, ragowar ruwa ne da ke ɗauke da su. Namiji yana iya zama da cikakken kuzari da ruwa mai kauri, a duba a madubin likita a tarar babu ƙwaya ko ɗaya. Na biyu, ana cewa ai ya taɓa haihuwa. Wanda ya haihu shekara goma da suka wuce ciwo na iya samunsa bara. Na uku, mace ta ga ruwa yana fito mata bayan saduwa, sai ta ɗauka mahaifarta ce ba ta riƙewa. Halittar maniyyi ce ya tsinke ya zama ruwa a cikin minti 15 zuwa awa ɗaya, ya gangaro, alhali ƙwayoyin da za su wuce sun riga sun wuce.

Mece ce tsatsar jiki?

Dalilan matsalar namiji suna da yawa: toshewar hanyar maniyyi, hangum da ya sauka maraina bayan balaga, maraina da ba su sauko ba tun yarinta, sikila, da abin da aka gada. Amma akwai wani dalili da yake ratsa da yawa daga cikinsu, wanda masu bincike suka ƙiyasta ana samunsa a kashi 30 zuwa 80 cikin 100 na mazan da ke da wannan matsala. Mu kira shi tsatsar jiki.

Kin san wuƙar da aka bari a tsakar gida da damina, yadda take yin ja ta lalace. Kin san yalo ko ɗanyen dankali in an yanka aka ajiye, yadda yake yin baƙi. Kin san man gyaɗa da ya daɗe a buɗe, yadda yake canja wari da ɗanɗano. Duk aikin iska ɗaya ce, iskar oksijin da muke shaƙa muke rayuwa da ita. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wani abu kamar ɗan murhu, inda ake ƙona abinci da wannan iska a sami ƙarfi. Kowane murhu kuwa yana tartsatsi. Tartsatsin jiki wasu ƙananan sinadarai ne masu zafin nama, duk abin da suka taɓa, kitse ne ko nama ko ƙwayar gado, sai sun ƙona shi.

Cikin hikimarSa Allah Ya yi wa tartsatsin makari. Wani jiki ne yake haɗa shi da kansa, wani kuma daga abinci yake zuwa, kamar bitamin C da bitamin E. Ki matsa lemun tsami a kan yankakken dankali ki ga yadda yake jinkirin yin baƙi, to kwatankwacin aikin makari ke nan. Muddin tartsatsi da makari suna daidai, lafiya lau. Ɗan tartsatsi kaɗan ma maniyyi yana bukatarsa kafin ya iya huda ƙwan mace. Ranar da tartsatsi ya rinjayi makari, ranar tsatsa ta fara.

Ba jiya aka gano wannan ba. A 1943 wani masani a Amurka mai suna John MacLeod ya lura cewa ƙwayoyin maniyyi suna daina motsi da wuri in aka sa su cikin iskar oksijin mai yawa, in kuma aka zuba musu makari sai su ci gaba da motsi. A 1987 John Aitken da abokan aikinsa a Birtaniya suka nuna cewa ƙwayoyin maniyyin ɗan Adam da kansu suna fitar da tartsatsin, kuma marasa lafiyar cikinsu sun fi fitarwa.

Me ya sa maniyyi ya fi saurin kamuwa?

Ƙwayar maniyyi matafiyiya ce da ba ta ɗauki guzuri ba. Domin ta yi sauƙin iyo, tana zubar da mafi yawan abin da ke cikinta kafin ta fito, a ciki har da makarin da sauran ƙwayoyin jiki suke riƙe da shi. Fatar da ta lulluɓe ta kuma an yi ta da wani kitse mai taushi, irin mai saurin lalacewa. Sannan in saƙon gadon da ke kanta, wanda ake kira DNA, ya sami rauni, ba ta da cikakken ikon gyarawa. Abin da ya rage mata shi ne ruwan da take iyo a ciki, wanda Allah Ya cika da makari, har bitamin C da ke cikinsa ya ninka na jini sau da yawa.

In tsatsa ta kama ta, ɓarnar takan fito ta fuska uku. Wutsiyarta ta yi sanyi, ta kasa kai wa ga ƙwan mace. Ko ta kai, fatarta ta ƙi haɗuwa da ƙwan. Ko kuma ta shiga, amma da saƙon gado a kakkarye. Wannan ta uku ita ce nake so ki riƙe, domin tana da alaƙa da ɓari. A 2019 masu bincike a Kwalejin Imperial da ke Landan sun gwada maniyyin maza 50 waɗanda matansu suka yi ɓari sau uku a jere, suka kwatanta da na wasu maza 60. Sun tarar raunin saƙon gado ya ninka sau biyu a wurin mazan masu ɓari, tartsatsin kuma ya ninka sau huɗu. Mata nawa aka ce wa mahaifarsu ba ta riƙe ciki, ko aka ce aljani ne yake shanye musu, alhali ba a taɓa duba irin da aka shuka ba?

Abubuwan da ke hura wutar a garinmu

Na ɗaya, zafi. Allah Ya rataye maraina a wajen jiki domin suna bukatar sanyin da ya gaza na jiki da digiri 2 zuwa 4. Mu kuwa a Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40. Ki tuna da mai kabu-kabu da ke wuni a kan sirdi mai zafi, da direban da ke zaune daga nan har Legas, da mai gidan burodi, da maƙeri, da mai gasa tsire. Ba a ce su bar sana'a ba. Su riƙa tashi suna shan iska, su bar matsattsen gajeren wando na roba, su koma wa na auduga mai yalwa. Zazzaɓi mai zafi ma, kamar na cizon sauro, yana rage maniyyi na tsawon makonni, saboda haka gidan sauro na maigida ne kamar yadda yake na yara.

Na biyu, ciwon sanyi da sauran cututtukan mafitsara. In cuta ta shiga, fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, suna taruwa, kuma da tartsatsin nan suke yaƙi. Suna harbin cuta, suna samun maniyyi. Ciwon sanyin da aka sha masa kafso biyu daga kemis aka bari yana iya lafawa a ido, yana ci a ciki har ya toshe hanya. Dole a yi maganin miji da duk matansa a lokaci guda. Haka tsargiya, fitsarin jinin nan da yara masu wanka a gulbi da masu aikin fadama suke ɗauka, wanda wasu ke cewa alamar balaga ce. Cuta ce, ƙwayayenta suna maƙalewa har a hanyar maniyyi, kuma tana da magani a asibiti.

Na uku, kumburin jijiyoyin maraina, wanda likitoci ke kira barikosil. Ba gwaiwa ba ce. Jijiyoyin jini ne suke buɗewa, galibi a gefen hagu, jini ya taru ya ɗumama wurin. Ana samunsa a kusan maza 15 cikin 100, a cikin waɗanda ba su taɓa haihuwa ba kuma suke nema kuwa, kusan 35 zuwa 40 cikin 100. Sau da yawa ba ya ciwo. Likita yana gane shi da hannu ko da hoto, ana kuma gyara shi da ƙaramar tiyata.

Na huɗu, hayaƙi da ƙwaya. Taba tana shigar da tartsatsi kai tsaye, tana kuma cinye bitamin C na jiki. Shisha da samari ke ɗauka ƙamshi ce kawai, tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zama ɗaya mutum na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na karan sigari 100. Tiramol da kodin suna danne sinadarin namiji, wiwi da giya ma suna da tasu ɓarnar. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda ya ci matasa. Shari'a ta riga ta hana cutar da kai da cutar da wani, mai shan waɗannan kuwa ya haɗa biyun, domin yana tauye haƙƙin matarsa.

Na biyar, guba a wurin aiki da cikin abinci. Manoman albasa da tumatir a fadamar Rima da ke feshi ba safar hannu ba abin rufe hanci, maganin yana ratsa fata. Ki ware kayan feshinsa, ki wanke su daban. Dalma ma haka: ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubarta ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara, a garuruwan da ake niƙa dutsen zinari. Gubar da ta kashe yaran tana lalata maniyyin manya masu haƙa da masu gyaran batir. Sai fiya-fiya da ake zuba wa wake, da gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna. A 1994 wani bincike a birnin Benin ya sami gubar funfuna a maniyyin maza marasa haihuwa fiye da na masu haihuwa nesa ba kusa ba.

Na shida, ƙiba da ciwon suga. Teɓa tana ɗumama maraina, tana kuma juya sinadarin namiji ya koma irin na mace. Annabi (SAW) ya koya mana a kasa ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, Suratul A'araf kuma, aya ta 31, ta halatta ci da sha ta hana wuce iyaka.

Albishir, da yadda gwajin yake

Ga abin farin ciki. Mace da ƙwayayenta aka haife ta, amma namiji kullum sababbi yake yi. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta haɗu, sai wasu kwanaki ta nuna a hanya, a taƙaice wata uku. Ma'ana, wanda ya bar taba yau, ya yi maganin sanyi, ya gyara cimarsa, bayan wata uku sabon iri ne a jikinsa. Ba kowa ne zai warke da wannan ba, amma da yawa suna samun canji.

Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha, ba allura ba yanka. Ana yinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda akwai likitocin mafitsara da al'aurar maza, da sauran manyan asibitoci. Zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya karɓi kwalba mai tsabta daga ɗakin gwaji, a tara ruwan duka ba tare da sabulu ko mai ba, a kai cikin awa ɗaya, a riƙe kusa da jiki don kar ya yi sanyi ko rana ta buge shi. In yana jin nauyin hukuncin fitar da shi, malamai sun halatta miji ya ji daɗi da hannun matarsa, saboda haka ke ce mafita.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana son a sami aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin 100 suna motsi, kashi 4 cikin 100 masu cikakkiyar siffa. Wanda ya gaza wannan ba a ce ba zai haihu ba, kuma ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, sai an maimaita. Ke ma a duba ki a lokaci guda. In kin kai shekara 35, kar ku jira shekara, wata 6 ya isa ku je. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikinki a madafa

Tukunyar gida a hannunki take. A 1991 masana a Kalifoniya sun rage wa wasu maza bitamin C a abinci daga miligiram 250 zuwa 5 a rana, sai ɓarnar tsatsa a saƙon gadon maniyyinsu ta kusan ninkawa. Da aka mayar musu da shi, ɓarnar ta ragu. Makarin kuwa yana kasuwarmu: gwaiba, lemu, mangwaro, garin ƙwallon kuka, ɗanyen tumatir da tattasai, zogale, alayyafo, karas, kankana, albasarmu ta Sakkwato, wake, riɗi, gyaɗa mai kyau, ƙwai da kifi. Kar ki dafa ganye har ya mutu. Kar ki yi ta maimaita suya da mai ɗaya har ya yi baƙi, wannan man ya riga ya yi tsatsa. A rage lemun kwalba da sukari a shayi.

Amma ki yi hattara da masu talla a rediyo da bayan mota. A 2020 an yi gwaji a Amurka da maza 174 masu matsalar maniyyi, aka ba wasu ƙwayoyin makari, aka ba wasu na wofi, ba a ga bambanci a maniyyinsu ko a samun ciki ba. Wasu binciken sun nuna ɗan amfani, amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba, yawan shansu kuma yana iya cutarwa. Ƙwaya ba ta gyara barikosil, ba ta kashe ciwon sanyi. Maganin ƙarfin maza kuzari yake ƙarawa, in ma ya ƙara, ba ya ƙara iri. Mafi haɗari ita ce allurar sinadarin namiji da wasu ke yi don ƙarfi, domin tana sa maraina su daina aiki har maniyyi ya koma babu ƙwaya. Kuɗin da muke zubawa a hakin maye da matse-matse, waɗanda wasunsu ma cuta suke jawo mana, da kaɗan daga ciki an biya gwaji.

Yadda za ki yi masa magana

'Yar'uwa, namiji yana jin wannan magana kamar an taɓa mutuncinsa, saboda haka sai da hikima. Kar ki tayar da ita cikin faɗa, ko a gaban kishiya, ko ranar da aka yi miki gori. Ki bari ya ci ya huta, ki ce, "Malam, likita ya ce ba za su iya ci gaba da duba ni ba sai sun gan mu tare. Don Allah ka raka ni, mu yi abin da Annabi ya ce na neman magani." Gaskiya kika faɗa, domin likitan kirki haka zai ce. Ki tuna masa hadisin Usama ɗan Sharik (RA), inda Annabi (SAW) ya umurci bayin Allah su nemi magani, ya ce kowace cuta an saukar da maganinta ban da tsufa. In ya ce ai haihuwa ta Allah ce, ki ce ƙwarai kuwa, shi ya sa aka ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya dogara. In ya ƙi ji, a nemi wani babba ko malami da yake jin nauyinsa, mai riƙe sirri.

In sakamako ya nuna daga gare shi ne, to ranar ce za a gane matar ƙwarai. Suratul Baƙara, aya ta 187, ta kamanta ma'aurata da tufafin juna, aikin tufa kuwa rufe tsiraici. Kar ki kai wa ƙawa, kar ki rama gorin da aka yi miki. Annabi (SAW) ya sanya mai yaɗa sirrin shimfiɗa cikin mafi munin matsayi ranar alƙiyama.

Ke kuma Inna, uwar miji, da ke 'yar'uwar miji da ke karanta wannan shafi, ku ji tsoron Allah. Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi, kalmar juya kuwa tana ciki. Kafin ki ce wa ɗanki ya ƙara aure ko ya saki, ki ce masa ya je a duba shi. Ɗiyar wani ce a ɗakinsa yau, gobe taki ce a ɗakin wani.

Iyakokin da ba a ƙetarewa

Zafin nema kar ya kai ki gidan boka. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Kar kuma Shaiɗan ya raya miki ki nemo ciki a waje don ki tsare ɗakinki, wannan zina ce haɗe da shigar da bare cikin nasaba da gado. Ƙofar halal tana da faɗi. Tun 1992 likitoci a Beljiyam suka fara ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya su sa ta cikin ƙwan mace, abin da ya buɗe hanya ga mazan da ƙwayoyinsu suka yi ƙaranci ƙwarai, ana kuma yin wannan aiki a Nijeriya, ko da yake da tsada. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta dashen ciki in akwai bukata, da sharaɗin maniyyin na mijin ne, ƙwan na matarsa ne, a mahaifarta kuma za a sa. Ta haramta karɓar maniyyi ko ƙwan wani.

In an yi duk abin da za a yi Allah bai kawo ba, to ki sani darajarki ba a goyo take ba. Nana A'isha (RA) ba ta haihu ba, ana yi mata alkunya da Ummu Abdullahi saboda ɗan 'yar'uwarta Asma'u, ga shi har gobe ita ce Uwar Muminai, daga bakinta muke karɓar addini. Ga marayu a unguwa suna jiran mai riƙo, da ladan maƙwabtaka da Annabi (SAW) a Aljanna. Ki yawaita istigfari, domin Annabi Nuhu (AS) ya shaida wa mutanensa cewa yana jawo dukiya da 'ya'ya. Ki lazimci addu'ar Annabi Zakariyya da ke Suratul Anbiya, aya ta 89, ke da maigida tare, a sujada da sulusin dare.

Ya Allah Ka azurta masu nema da zuri'a ɗayyiba, Ka ba mazajenmu lafiya da zuciyar karɓar gaskiya, Ka sanyaya zukatan 'yan'uwanmu da aka zalunta da gori, Ka shirya mana waɗanda Ka ba mu. Abin da aka faɗa daidai Allah Ya ba mu ikon aiki da shi.